Madubin da Malam Ya Zaɓa

A unguwar Ard al-Liwa muka sauka, hawa na biyar, ɗaki ɗaya da falo. Tagar ɗakin tana kallon bangon wani gida, kusa sosai, idan ka miƙa tsintsiya za ka taɓa shi. Rana ba ta shigowa. Nan muka zauna da maigidana lokacin da muka zo Alƙahira neman maganin ƙodarsa, nan kuma ya bar ni.

Sunansa Nata'ala, ko da yake ban taɓa kiran sunan a gabansa ba. Malam nake ce masa. Maharbi ne. A garinmu, Tungar Baure, gonaki a gindin dutse suke, birai da gadu ba sa barin dawa ta nuna. Shi ne mai tsaron gonakin tun kafin ya aure ni, da bindiga mai takardar izini wadda ya gada wurin mahaifinsa. Da za mu taho sai ya damƙa ta a hannun ƙanensa Ukasha.

Ukasha bai iya ba. Kullum sai ya bugo waya yana ƙorafi.

"Yaya, biran nan sun raina ni. Can saman dutse suke zama suna kallona. In na harba su watse, in na juya baya su sauko."

"Ba bindigar ba ce, idonka ne," in ji Malam. "Tun kana yaro ba ka bambance tunkiya da buhun gero daga nesa."

Daga nan Malam ya sa wa ransa sai ya sayo masa madubin bindiga, irin wanda ake ɗaurawa a samanta yana jawo abu na nesa kusa. Ya taɓa zaman Libiya yana saurayi, yana jin Larabci, saboda haka ya iya bincike a waya. Ranar da babu wankin ƙoda, a kan katifa yake wuni da wayar a hannu, yana kallon hotuna, yana sauraron masu bayani.

"Fiddausi, zo ki gani. Wanne ya fi?"

"Malam, ni duk baƙin bututu nake gani."

"Bututu. Shekara nawa kina auren maharbi, bututu."

Na ce to ya ɗauki wanda ya fi jawo abu kusa, a huta. Ya girgiza kai. Ya ce wanda ke jawo abu kusa sosai, har rawar hannun mutum yake jawowa, numfashi ɗaya sai biri ya fita daga madubin. Ukasha kuwa ko kofin shayi ya riƙe sai ya zubar da rabi. Matsakaici yake nema, wanda ake murzawa a ƙara ko a rage.

Wani ya burge shi kwana biyu, daga baya ya fasa, wai bakinsa na gaba ƙarami ne, ba zai tara haske ba, alhali gadu da almuru yake fitowa. Wani mai 'yar jar fitila a ciki, ya ce batir yake ci, ina Ukasha zai sami irin batirin a Tungar Baure. Wani kuma sai mutum ya manna idonsa sosai kafin ya gani.

"Bindigar Baba shuri take yi kamar jaki," ya ce. "In ya manna ido, harbin farko zai fasa masa gira. Matarsa ta ce ni na jawo."

Ya nuna mini siririn zare da ke gicciye a cikin gilashin, da 'yan ɗige-ɗige a ƙasansa. Ya ce harsashi gajiya yake yi, in tafiya ta yi nisa sai ya riƙa sauka, ɗigon nan shi ke gaya wa mutum yadda zai ɗaga bakin bindiga. Ya ce kuma dole ya zama wanda raɓa da ruwan damina ba sa shiga, in ba haka ba gilashin zai yi hazo daga ciki, babu mai iya goge shi. Ban fahimci rabin abin da yake faɗa ba, amma ina zama in saurara, don a kwanakin nan ne kaɗai yake cinye abincin da na zuba masa.

Da ya tsai da shawara, wani mutum da suka yi magana a waya ya kawo shi a kan babur. Ya ƙi hawowa sama. Na riƙe hannun Malam muka sauka a hankali, yana hutawa a kowane hawa. Mutumin bai cire hular kwanonsa ba. Ya duba dama, ya duba hagu, ya miƙo baƙar leda, ya tafi ko sallama babu. Na ɗauka gaggawar mutanen birnin ce.

Da muka dawo ɗaki Malam ya fito da shi daga kwali, ya shafa shi, ya je taga ya ɗora a ido. Ya daɗe yana murzawa.

"Me ka gani?"

"Dishi-dishi. Bangon ya yi kusa."

Ya so ya hau rufin gidan ya gwada, mai gadi ya ce a kulle yake, makulli yana wurin mai gida. Ko da a buɗe yake ma, ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Haka ya naɗe madubin a tsohon rawaninsa, ya sa na ɗinke shi cikin farin ƙyalle, ya rubuta sunan Ukasha a jiki.

"Duk wanda zai tafi gida ki ba shi," ya ce. "Ki ce saƙo ne. Kada ki faɗi abin da ke ciki. Kayan harbi ba a yawo da labarinsu, haka muka taras. Ai gilashi ne kawai, ba bindiga ba, ba harsashi ba."

Na ce to.

Bai daɗe ba bayan wannan. Wata safiya aka kai shi wankin ƙoda, bai dawo ba. Ɗalibai 'yan ƙasarmu da ke karatu a unguwar Darrasa su suka yi masa wanka da sutura, suka kai shi. Ban ga kabarin ba. Manya daga gida suka ce in yi takaba a inda ya bar ni. Yadda na taso na gani a garinmu, mai takaba ba ta taka bakin ƙofa, don haka ban taka ba.

Mutum biyu ne suka riƙe ni. Ta farko maƙwabciyata Mahasin, Bahaushiyar Sudan, Hausarta rabi Larabci, ita ke yi mini cefane. Ta biyu Yaya Husaina, 'yar Gusau, wadda ta kawo mahaifiyarta, Inna, aikin gwiwa, a asibiti muka haɗu. A Ainu Shams suke zaune, can wani gefen gari, amma sai ta ratso garin nan duka da kular tuwo da miyar kuka, ta zauna ta tsare ni sai na ci. Ranar da aka gaya mini rasuwar, a kafaɗarta na faɗi.

Da gwiwar Inna ta yi sauƙi, Yaya Husaina ta zo sallama. Ta ce gobe da yamma jirginsu zai tashi.

"Akwai saƙo?" ta ce.

A nan haka ake yi. Babu mai tafiya gida da jakarsa shi kaɗai. Kowa zai kawo ɗan ƙunshinsa, magani ko dabino ko littafi, mai tafiya ya karɓa. Ba a buɗewa, ba a tambaya. In ka tambayi mutum me ke ciki, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne.

Na ɗauko farin ƙunshin na ba ta. Ta jinjina shi a hannu tana dariya.

"Allah Ya sa ba dutsen Fir'auna kika ɓantaro ba."

"Na Malam ne. Na ƙanensa."

Dariyar ta tsaya. Ta rungume shi a ƙirji. "Da hannuna zan ba shi, in sha Allahu."

Ranar na ji kamar an sauke mini kaya daga ka.

Washegari da hantsi Mahasin ta shigo da gahawa. Ta sunkuya neman albasa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta jawo kwalin da nake zuba ta a ciki. Kwalin madubin ne, da hotonsa a jiki, an ɗora shi a kan bindiga. Ta tsaya tana kallo.

"Ya Fiddausi, wannan kwali daga ina?"

"Na Malam ne."

"Abin da ke ciki fa?"

Na kau da kai, don Malam ya ce kada in faɗa. Ta ajiye kwalin ta zo ta zauna a gabana.

"Habibti, ba gulma nake nema ba. Yana cikin gidan nan?"

"Ya tafi. Na ba Yaya Husaina jiya."

Ta ciro waya ta kira mijinta Fadl, wanda aikinsa ɗaure kayan da ake aikawa ta jirgi. Ta yi masa bayani da Larabci, sannan ta buɗe muryar don in ji.

"'Yar'uwa, ma'alish, yi haƙuri ki saurare ni," ya ce. "A nan madubin bindiga da bindiga hukuncinsu kusan ɗaya ne. Na'urar filin jirgi tana ganin cikin jaka. In sun gan shi ba za su tambayi wanda ya bayar ba. Mai jakar za su riƙe, kuma ba riƙon kwana ɗaya ba."

"Gilashi ne kawai," na ce.

"A garinku gilashi ne. Ki kira ta yanzu."

Na kira. A kashe. Na sake kira, a kashe. Sai na tuna ta ce za ta bar layinta na Masar wa matar da za ta shiga ɗakinsu, ta cire shi tun jiya. Na ce wa Mahasin ta je ta karɓo mini. Ta ce tamam, in ba ta sunan titi. Ban san sunan titi ba. Sau ɗaya na taɓa zuwa, Malam yana da rai, Yaya Husaina ce ma ta ja ni. Abin da na riƙe kawai, akwai mai matse rake a kwana, ƙofar gidan kuma koriya ce.

"Ainu Shams duka mai matse rake ne da koriyar ƙofa," in ji Mahasin. "Sai da idonki. Yalla, sa hijabi."

Na sa hijabi. Na zo bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi. Ina jin muryar kakata a kunne, tana faɗin abin da ke samun macen da ta fita cikin takaba. Ga kuma takardar zamana ta ƙare tun Malam yana kwance, in ɗan sanda ya tare ni ba ni da abin nunawa. Na dafa bango.

"Mahasin, ba zan iya ba."

"To zauna," ta ce. "Bayan la'asar za su fita. Inna a keken guragu, ita kuma a hannun 'yan sanda. Ki zauna ki yi ta tasbihi."

Na kalle ta. Ta sassauta murya.

"Wanda kike tsoro Ya san abin da ya fitar da ke."

Na yi bisimilla na taka.

Haske ya buge mini ido da muka fito titi, har sai da na riƙe mayafinta. Muka hau tuk-tuk, a-daidaita-sahun can, zuwa tashar jirgin ƙasan cikin gari da suke kira metro. A bakin shiga kowa yana ɗora jakarsa a kan wani bel, ta shige cikin akwati ta fito. Na leƙa allon da ke gaban ma'aikacin, na ga cikin jakar Mahasin tas, makullanta da kwalbar turarenta, har cokalin da ta manta a ciki. A nan ne na yarda da maganar Fadl da gaske.

Muka shiga taragon mata, muka canza jirgi a ƙarƙashin ƙasa, muka yi ta tafiya a tsaye, an matse mu ta ko'ina. Duk tashar da aka tsaya sai in ga kamar an daɗe da gangan. Da muka sauka Ainu Shams an riga an yi azahar. Na bi wani titi na ce shi ne, ba shi ba ne. Na bi wani, muka ɓullo kasuwar kayan miya. Mahasin tana tambayar mutane gidan da wata baƙar tsohuwa mai keken guragu take. Wani mai gyaran takalmi ne ya nuna mana da baki, bai ko ɗago kai ba. Rumfar mai raken ma a rufe take ranar, shi ya sa na wuce ta.

Yaya Husaina ta buɗe ƙofa ta gan ni, ta dafe ƙirji.

"Fiddausi? Wa ya rasu kuma?"

"Babu kowa, Yaya. Saƙon nan na zo karɓa."

Falon cike yake da jakunkuna, an ɗinke bakinsu, an naɗe kowacce da leda. Inna tana zaune a kekenta cikin shirin tafiya, da carbi a hannu. Yaya Husaina ta dube ni sama da ƙasa.

"Kin fito cikin takaba, kin ratso gari, don ki karɓe saƙo daga hannuna. An gaya miki ina cin saƙon mutane ne?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ni da na ce da hannuna zan ba shi."

Mahasin ta taɓa ni da gwiwar hannu. Na ji maganar Malam a maƙogwarona, kada ki faɗi abin da ke ciki. Na haɗiye ta, na faɗa. Na faɗi abin da Fadl ya ce, na faɗi abin da na gani a allon tashar metro.

Ba ta yi faɗa ba. Na fi son a ce ta yi. Ta zauna a kan wata jaka.

"Kin san abin da ke ciki lokacin da kika miƙo mini?"

"Na sani. Ban san laifi ba ne."

"Na yi miki wasa da dutsen Fir'auna, ba ki gaya mini ba."

"Malam ne ya ce…"

"Allah Ya jiƙan Malam," ta ce. "Shi yana kwance abinsa."

Ta tashi ta ɗauko wuƙar kicin. Ba ta tuna jakar da ta sa shi ba, don saƙonni sun yi yawa, na mutum kusan goma. Ta farke ta farko, babu. Ta farke ta biyu, dabino ya zube a ƙasa. Mai motar da zai kai su filin jirgi ya iso yana ta danna oda a ƙasa. Na durƙusa zan taya ta, ta ce in bari. A jakar Inna aka same shi, tsakanin zannuwanta da magungunanta, jakar da aka rubuta sunan tsohuwar a jiki da manyan baƙaƙe.

Inna ta leƙo. "Mene ne wannan ɗin, Husaina?"

"Ba komai, Inna. An fasa aikawa."

Ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba. Mahasin ta taya ta cusa kaya, suka ɗaure jakunkunan da igiya tunda ledar ta yage. Ni ina tsaye a gefe da ƙunshin a hannu. Da za su fita Inna ta kama hannuna ta yi mini addu'a mai tsawo, Allah Ya ba ni haƙuri, Ya mai da ni gida lafiya. Yaya Husaina ta ce, "Sai wata rana," ta tura keken.

Da motarsu ta tafi na nufi hanyar tasha. Mahasin ta jawo ni baya.

"Ina za ki da shi? Kin manta bel ɗin?"

Metro ya haramta gare mu. Muka hau ƙaramar bas, muka sauka, muka hau wata, muka sake hawa wata. Ƙunshin yana kan cinyata a ƙarƙashin hijabi, na danne shi da hannu biyu. A kan gada motoci suka tsaya cak, wani ɗan sanda yana tafiya tsakaninsu yana leƙa tagogi. Ya zo daidai tamu, ya yi magana da direba, suka yi dariya, ya wuce. Zufa ta jiƙa mini baya har zani. Ana kiran magariba muka hau benenmu. Na shiga na rufe ƙofa, ban sake fita ba.

Fadl ya ce kada in jefa shi a shara, masu kwasar shara suna buɗe komai, kuma sun san na kowane gida. Ya ce kada in yi gigin sayarwa. Shi ma ba zai taɓa shi ba, yana da 'ya'ya. Ƙunshin yana nan a saman kwaba, cikin ɗinkinsa. Ukasha ya bugo yana tambaya, wai Yaya ya taɓa ce masa akwai abin da zai zo. Na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Haba matarmu, gilashi fa? Ki sa a cikin kayanki in za ki dawo." Na ce masa sai anjima.

Na aika wa Yaya Husaina gaisuwa a layinta na gida, ina tambayar ya hanya. Na ga alamar ta saurara. Ba ta amsa ba ranar, ba ta amsa washegari ba. Sai da aka kwana biyu saƙon murya ya shigo, gajere, ana jin kukan akuya a bayanta.

"Mun sauka lafiya. Inna tana gaishe ki."

Na yi hamdala. Na sake saurara ko akwai saura, babu.